Tiraka kaɗai ta isa ta tsare mota irin Charger a Abuja?

Wani bawan Allah daga Gwarinpa ya turo mini wannan: "Injiniya, barka da aiki. Wata biyu ke nan da na karɓi Dodge Charger ƙirar 2020 mai injin 6.4, daga Kanada aka shigo da ita ta Legas. Madam kuma tana jan Lexus RX 350. Tun da motar ta iso abokai suke ta tsorata ni da zancen ɓarayi. Dillali ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya sa mata tiraka. Makulli ɗaya ya ba ni. Tirakar ta isa, ko da sauran aiki?"

Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Da sauran aiki, kuma ba daga tiraka zai fara ba. Duk cikin saƙonka babu abin da ya tsaya mini a rai kamar 'yar maganar da ka jefa kusa da ƙarshe, wai makulli ɗaya ya ba ka. Shekarata goma sha tara ina aikin wayarin mota a Apo, kuma cikin manyan motocin da aka zo mini da kukan an ɗauke, da wuya ka ji wadda aka ɓalle aka haɗa waya ta tashi, irin yadda ake yi wa Peugeot 504 a da. Motar zamani ba ta tashi sai ta ji muryar makullinta. Saboda haka ɓarawonta ko dai ya samu makullinka, ko ya yi wa kansa sabo, ko ya yaudari motar ta ɗauka makullin yana kusa da ita. In duk sun gagara, ya sa maka bindiga ya karɓa a hannunka. Tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mota take a taswira, ba ta hana ko ɗaya a ciki. Aikinta sai mota ta bar ƙofar gida yake farawa. Ihu bayan hari ke nan, ko da yake wani lokacin ihun yakan dawo da shanu.

Abokanka ba ƙarya suka yi ba, sai dai labarin Amurka ne a bakinsu. A can, cibiyar HLDI mai tattara alƙaluman kamfanonin inshora ta fitar da rahoto a 2023 cewa Charger SRT Hellcat ƙirar 2020 zuwa 2022 ana sace ta fiye da ninki 60 na yadda ake sace sauran motoci, Charger mai injin HEMI kuma fiye da ninki 20. Motocin suna da yawa a can, masu tsere da su suna kashe inji da giya, kasuwar kayansu tana ci. A nan lissafin ya bambanta. Ɓarawo ba ya ɗaukar abin da bai san inda zai kai ba. Corolla ko Camry ko Hilux in ta shiga gari ta saje, kafin la'asar ma an yi gunduwa-gunduwa da ita, kowane yanki da mai jiransa. Charger ɗinka kuwa, irinta nawa ce a Abuja gaba ɗaya? Tun daga kwanar Galadima ake jin kukanta. Yaran unguwa sun san ta, 'yan sandan da ke tsaye a shinge sun san ta. A abin da idona ke gani, motar madam ta fi taka zama cikin haɗari yau da gobe, don RX ta cika titi, fenti da lamba kawai za a sauya mata.

Kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa. Mota irin taka in za a ɗauke ta, oda aka bayar. Ko wani ya kashe injin tasa yana neman madadi, ko akwai mai saye yana jira a ƙetaren iyaka. Mai aikin oda kuwa ba ya faɗowa kamar ruwan sama. Zai yi kwanaki yana binka, ya san ƙarfe nawa kake fita, a wane masallaci kake Juma'a, ina ake maka wanki, wane ne maigadinka kuma nawa kake biyansa. Da ɗan gari kan ci gari. Mu ma muna rage musu wahala: a ɗauki bidiyo ana taka mota tana ruri, lamba a fili, get ɗin gida a baya, a watsa a TikTok. Na ga wanda har makullin ya ɗaga wa kyamara yana kaɗawa.

Mu koma kan makullin nan. Kamfani da makulli biyu yake fitar da mota. In ɗaya ya iso hannunka, ɗayan yana wani wuri. Wataƙila yana cikin durowar wani tebur a Toronto, inda ba zai taɓa cutar da kai ba. Wataƙila kuma yana hannun ɗaya daga cikin mutanen da motar ta ratsa hannunsu daga bakin ruwa zuwa Gwarinpa: ejan, direban da ya taho da ita, yaran filin dillali, wanda ya yi mata kwaskwarima kafin a nuna maka. Ban ɗora wa kowa laifi ba, kuma ba sai mun gano wane ne ba, don ƙwaƙwalwar mota tana riƙe da lissafin makullan da ta sani, na'urar bincike kuma tana karanta shi. Bara wani Alhaji ya kawo mini LX 570 saboda wata fitila da ta ƙi mutuwa a dashbod. Na jona na'ura, na gama da fitilar, sai na leƙa ɓangaren makullai kamar yadda na saba. Uku. Na ce, "Ranka ya daɗe, makulli nawa ne a wajenka?" Ya zaro guda daga aljihun kaftani ya ce shi ke nan tun ranar da ya saya. Na juya masa allon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, su wa ke da sauran biyun?" Muka goge sauran biyun, muka bar nasa, muka yi masa sabo ɗaya a gabansa. Aikin bai kai awa guda ba. Shekara biyu motar tana kwana a gidansa alhali akwai makullai biyu a duniya da za su buɗe ta su tayar ba tare da ƙararrawa ta ce uffan ba.

Wannan shi ne aikinka na farko, kafin ka sayi komai. A goge duk makullin da ba ya hannunka, a yi maka na ajiya kana tsaye, ka kai shi inda kake ajiye takardun gida. Kada ya zauna cikin mota, kada ya zauna wajen direba. Motar madam ma a duba ta.

Gogewar ba za ta yi amfani ba in gobe wani zai ƙara nasa. A ƙasan sitiyari, wajen gwiwarka, akwai wani soket mai ramuka 16 da ake kira OBD, wanda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996. Ta nan nake shiga in gano ciwon mota, ta nan kuma ɓarawo yake gabatar mata da sabon makulli. Na'urar yin hakan kayan aikin masu yankan makulli ce, a kasuwa ake sayar da ita, ba a ɓoye ba. A Amurka haka ake yi wa Charger da yawa: a fasa gilashi, a jona, a tayar. A nan ba sai an fasa komai ba, mu da kanmu muke miƙawa. Ka kai wanki, ka ba yaro makulli, ka tsallaka cin abinci ko ka tafi salla, minti arba'in motar tana buɗe, makullin asali yana ciki. Wanda ya san hannunsa ba ya bukatar fiye da haka, kuma ba a ranar zai ɗauke ta ba. Sai bayan sati uku, lokacin da ka manta ka taɓa zuwa wurin. Yawancin yaran wanki neman halalinsu suke, amma mutum ɗaya da aka ba dubu ashirin ya isa. Ka zauna a benci a wanke a gabanka, makulli yana aljihunka. Wajen biki in wani ya ce "kawo in gyara maka fakin", ka gode masa ka gyara da kanka. A gareji ma, har nawa, in aikin na kwana ne ka sa a nuna maka adadin makullai ranar da za ka karɓa. Makanikin kirki ba zai ji haushi ba. Akwai kuma murfin ƙarfe mai kwaɗo da ake rufe soket ɗin da shi, ko a mayar da soket ɗin wani lungu. 

Hanyar yaudarar ita ce mutane suka fi mamaki. Motarka irin wadda ba a murɗa makulli ce: ka matso, ka taɓa hannun ƙofa, ta buɗe, ka danna maɓalli ta tashi. Abin da ke faruwa shi ne motar tana yin kira a hankali, kiran da ba ya wuce taku biyu, in rimot ya ji sai ya amsa. Ɓarayi biyu sukan zo da na'ura biyu, ɗaya ya tsaya jikin mota, ɗaya jikin tagar falo, su tsawaita kiran kamar an miƙa lasifika. Rimot yana kan tebur ya ji, ya amsa, motar ta ɗauka kana tsaye kusa da ita. In ta tashi kuma ba za ta mutu a hanya don makulli ya yi nisa ba, gargaɗi kawai za ta nuna a dashbod, saboda kamfani ba ya son mota ta mutu wa mutum a tsakiyar titi. Ka tuna yadda gidajen Gwarinpa da yawa suke: mota a jikin bango, falo a bayan bangon, makulli a kan ɗan teburin bakin ƙofa.

Maganin wannan ya fi kowanne araha. Akwai 'yar jaka mai hana siginal fita, Faraday ake ce mata. In ba ka samu ba, gwangwanin ƙarfe mai murfin ƙarfe da ke rufuwa ruf yana yi. Amma ka gwada, kada ka yarda da maganar mai sayarwa ko tawa. Sa rimot a ciki, rufe, je ka tsaya jikin motar da gwangwanin a hannu, ja ƙofa. In ta buɗe, kayan banza ne. Na yi wannan gwajin da wata jaka mai tsada da wani ya sayo a intanet, ƙofa ta buɗe nan take. Muka ɗauko tsohon gwangwanin madara da yarana ke zuba notuna a ciki, motar ta yi gum. Jakar ma tana tsufa, ka riƙa maimaita gwajin duk bayan 'yan watanni. Rimot na Toyota da Lexus da yawa kuma ana iya sa shi barci: ka danne maɓallin kullewa, yana danne ka latsa na buɗewa sau biyu, 'yar fitilarsa za ta ƙifta sau huɗu. Daga nan ba ya amsa kowa sai an sake taɓa wani maɓalli. Ka koya wa madam yau ɗin nan. Masu Mercedes su latsa maɓallin kullewa sau biyu a jere da sauri.

Akwai ƙanin wannan, wanda aka fi yi a wuraren cunkoso, bakin masallaci ranar Juma'a, wajen Banex, ƙofar ɗakin biki. Ka fito kana sauri an tada iƙama, ka latsa rimot ta bayan kafaɗa ka wuce. Wani yana kusa da abin da ke toshe siginal, motar ba ta kullu ba. Ba ruwan wannan da fasaha mai zurfi, kuma kariyarsa hannu ce: ka ja ƙofar ka tabbatar kafin ka juya baya.

Lexus ɗin madam tana da nata ciwon na daban. A 2022 aka sace wata RAV4 ta Toyota, kamfanin da ke yin Lexus, a Landan, ta wani masanin tsaron kwamfutar mota mai suna Ian Tabor. Kafin a ɗauke ta, sau biyu yana tarar da an ɓamɓare masa bamba an taɓa wayoyin fitilar gaba, ya ɗauka aikin 'yan ɓarna ne. Shi da wani masani, Ken Tindell, suka bi diddigi, a 2023 suka bayyana abin da ake yi. Ƙwaƙwalen motar zamani suna hira da juna ta wasu wayoyi da ake kira CAN, fitilar gaba ma tana kan layin. Ɓarawo ya kai hannu ga wayoyin ta bayan fitila, ya jona wata 'yar na'ura da aka ɓoye cikin kwankwason sifikar JBL, ta yi wa inji ƙaryar cewa an ga makulli. A nan gwangwani ba ya taimako, don ba a nemi rimot ɗinka ba sam. Wasu ƙirar Toyota da Lexus sun sha wannan sosai a Ingila. In ka wayi gari ka ga gefen bamba ya saki, ko robar cikin taya ta gaba a zare, kada ka ce ɗan acaɓa ne ya goge ka. An zo gwaji, za a dawo.

Abin da ke tare duk waɗannan hanyoyi a lokaci guda shi ne kulle na biyu wanda ba ruwansa da makulli. Akwai imobilaiza irin su Ghost, da ake ɗaurawa a kan wayoyin CAN ɗin nan. Ba shi da rimot, ba ya fitar da siginal. Sai ka latsa wasu maɓallan sitiyari ko na taga a jeren da kai ka zaɓa, sannan mota ta yarda ta tafi. Wanda ya zo da makullin da ya kwafa zai zauna yana danna maɓalli a banza. In da abu ɗaya kawai zan saya wa mota irin taka, shi ne. Dodge da kanta ta gane haka: a 2021 ta fitar da sabunta manhaja ga Charger da Challenger masu manyan injina, inda sai an sa lambobi huɗu a allon mota, in ba haka ba inji ba zai wuce juyi 675 a minti ba, ƙarfin da bai kai doki 3 ba. Mota mai doki 485 ta koma Keke Napep ma ta fi ta. Ka sa a duba ko an yi wa taka tun a can. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, ɓoyayyen maɓalli mai yanke famfon mai, in an iya ɓoye shi, yana aiki har gobe.

Sai dai a nan nake jan kunne, don ɓarnar da 'yan uwana masu rewaya suka yi wa manyan motoci ba kaɗan ba ce. A feɗe waya da reza, a murɗa, a naɗe da baƙin tef. Bayan wata uku batir yana mutuwa cikin dare, dashbod ya cika da fitilu, giya tana ƙin shiga. Charger ba Golf 3 ba ce. Ka nemi wanda ya taɓa yi wa irinta, ka tsaya a kansa, kuma in ya gama ka sauya lambar sirrin da hannunka bayan ka bar wurin. Wanda ya ɗaura maka tsaro ya san sirrinka fiye da kowa.

Ƙarfen sitiyari kuma kada ka raina shi. Na san yana ɓata kwalliya, samari suna jin kunyarsa. Amma mutumin da ya zo da na'ura a jaka yana lissafin minti biyu cikin shiru, bai zo da shirin yankan ƙarfe da ƙara ba. Mai rufe sitiyarin gaba ɗaya, irin Disklok, ya fi sanda, don sandar akan yanke sitiyarin a zare ta. A gida kuma ka shigar da Charger ciki, a toshe bayanta da motar da ta fi tsufa.

Yanzu tirakar. Tambayar farko: wa ke da kalmar sirrinta? In dillali ne ya sa, da yaronsa, da layin da ba sunanka ba, to akwai mutanen da suke ganin inda motarka ke kwana kowane dare, kuma in mai kashe inji ce suna iya kashe maka ita. Ka karɓi asusun, ka sauya komai. Na biyu, ina aka sa ta? Kusan kowa wuri ɗaya yake sawa, ƙarƙashin dashbod kusa da fiyus ko bayan rediyo, don nan wuta ta fi kusa. Ɓarayi nan suke fara kai hannu. Ni shawarata ka bar ta nan su same ta su ji daɗi, ka sa ta biyu mai batirinta, a hannun wani ma'aikacin daban, a wurin da sai an kwance abubuwa kafin a kai gare ta. AirTag, ɗan abin bin sawu na kamfanin Apple, ƙari ne kawai, don sai akwai iPhone kusa yake bayar da labari, kuma yana sanar da wanda yake tafe da shi cewa ana binsa.

Abin da ya fi kashe tiraka a ƙasar nan ba ɓarawo ba ne, layi ne. Tiraka da sim take magana. In data ta ƙare, ko layin ya daɗe ba a sa masa kuɗi ba, ta yi shiru kuma ba mai gaya maka. A 2024, da aka rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba, tirakoki da yawa sun mutu a jikin motoci masu su ba su sani ba. Wani ya zo mini da sassafe, ko hula babu, an ɗauke masa Prado. Ya miƙo waya hannunsa yana rawa ya ce in nemo ta. Na buɗe manhajar, taswira ta nuna motar tana ajiye lafiya lau a ƙofar ofishinsa, kwanan watan kuma na wata bakwai da suka wuce. Ka mayar da ita al'ada, duk Juma'a ka buɗe ka ga ko inda ta nuna nan motar take.

Ka kuma sa ta riƙa kiran wayarka in mota ta motsa da dare, ko in aka cire batir, ko in siginal ya ɗauke, don masu aikin oda sukan zo da abin toshe siginal, kuma shirun da kansa labari ne. Dalilin gaggawar a taswirar Abuja yake. Daga Gwarinpa, ta babban titin Kubwa, cikin dare rabin awa ya kai mutum Zuba, daga nan sai jihar Neja, sai hanyar Kaduna ta Tafa. Ta Nyanya a faɗa Mararraba an shiga Nasarawa. Ta Gwagwalada da Abaji a nufi Lokoja. Motar da aka fitar ƙarfe biyu, in sai da asuba ka sani, tana iya wuce Kaduna. Abin da ke taimakon masu tiraka shi ne ɓarayi sukan ajiye mota a wani lungu kwana ɗaya ko biyu su ga ko za a biyo ta. A wannan tsakanin aka fi samun nasara. In ka gan ta a taswira ka kira 112, ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa, ku tafi tare. Kada ka kwashi abokai ku bi sawu.

Maganar bindiga gajeriya ce. An fi yin ƙwace a bakin get, da magariba ko bayan isha'i, kana tsaye kana hon maigadi yana neman takalminsa. Ka kira shi tun kana kwanar layinku ya buɗe. Ka riƙa duba madubi. In fitilar mota ɗaya tana binka har ka sha kwana sau uku a jere, kada ka tsaya a gida, wuce gidan mai ko wajen 'yan sanda. In kuma an riga an tare ka, ka manta da doki 485. Hannu a sama inda za su gani, ka faɗa kafin ka kai hannu cire bel, in da yara a baya ka ce a bar ka ka fito da su, ka ba da makulli. Masu sa tsarin da ke kashe mota bayan minti ɗaya ko biyu da ƙwace, ba na goyon bayansu. Mota ta mutu a ƙarshen layinku, masu bindiga a fusace, kai kuma kana tsaye inda suka bar ka. Wasu ma sukan tafi da mai motar don ya nuna musu inda tsaron yake. In an tambaye ka, ka faɗa. A kashe ta daga nesa bayan kai ka tsira. Haka in ka tashi sayarwa: mai cewa bari ya ɗan taɓa ta ya ji inji, kada ya tafi shi kaɗai, kuma alat ba kuɗi ba ne sai ka gani a asusunka.

Akwai wata tambaya da ba ka yi ba, ni zan yi maka, kada ka ji haushi. Ka tabbata motar nan ba a kan wani aka ɗauko ta ba? Ka ce daga Kanada ta zo, da makulli ɗaya. A 2022 kaɗai an sace mota fiye da 105,000 a Kanada, da yawa ta tashar Montreal ake fitar da su cikin kwantena, kuma Afirka ta Yamma tana cikin manyan inda suke sauka. Lexus RX da Highlander da CR-V suna sahun gaba a can. A 2024 EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a nan, kwastam ma ta miƙa 21. Tun farkon 2024 bayanan motocin satar Kanada suka shiga rumbun Interpol, don haka mota tana iya shekara a hannunka lafiya, ranar da za ka tsallaka iyaka ko ka sayar ta yi ƙara. Za a karɓe, kuɗinka ya tafi, kuma sai ka yi bayanin yadda ta zo hannunka, don karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Abuja. Ka duba lambar shasi, harufa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba, da ta jikin ƙofar direba, da wadda ƙwaƙwalwar motar ke nunawa a na'ura, da ta takardar kwastam. Dole su zama ɗaya. Sannan a bincika ta a Carfax, shafin tarihin motoci, da VINCheck na hukumar NICB ta Amurka wanda kyauta ne, da shafin binciken motocin sata na 'yan sandan Kanada. In farashin da ka saya ya yi daɗi fiye da kima, ka ƙara bincike. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Inshora kuma, takardar naira 15,000 da 'yan sanda ke tambaya a hanya ta wanda ka buge ce, tana biyan ɓarnar dukiyarsa har naira miliyan 3, ba ta biyan sata ko sisi. Cikakkiyar inshora ce ke biya, kuma tun Janairun 2023 hukumar inshora ta NAICOM ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota. A ce motarka miliyan 60, miliyan 3 ke nan a shekara. Da ciwo, na sani. In zuciyarka ba ta kwanta da inshora ba saboda addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi. Ka karanta sharuɗɗan kafin ka sa hannu, musamman abin da suka ce kan tiraka, da wa'adin kai rahoto, da makullai, don ranar biya sukan ce ka kawo duka. Ka tabbatar takardar ta fito a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa, jabu sun yi yawa. Ka yi wa motar rajista a e-CMR, rumbun bayanan motoci na 'yan sanda, inda ake iya shigar da rahoton sata. Takardun asali su zauna a gida, kwafi a mota, hotonsu a wayarka tare da hoton duk wani tabo da kai kaɗai ka sani, ƙonewar kujera ko ƙarcen cikin but. Ranar da aka jera motoci an sauya musu fenti da lamba, da irin wannan ake gane ta.

In za ka kai ta a duba makullan, ko wajena ko wajen wani, ka je da safe kafin gareji ya cika, ka je da kanka, kada ka aiki direba. Ka tafi da takardar kwastam, a haɗa binciken shasin a zama ɗaya. Motar madam ta biyo ka da rimot ɗinta duka biyu.